Yoyon Banɗaki Ɗaya da Ya Girgiza Cinikin Gidaje a Teksas

A shekarar 1990 wata mata mai suna Melinda Ballard ta sayi gida a Dripping Springs, wani ƙaramin gari da ke yamma da Ostin, babban birnin jihar Teksas a Amurka. Masu bin bashi ne suka ƙwace gidan daga hannun mai shi aka yi gwanjonsa, ita kuma ta same shi a kan dala 275,000. Gida ne na gani na faɗa, ɗaki 22 a tsakiyar fili mai faɗin eka 72, daɓensa na katako mai tsada. Ta zuba kuɗi ta gyara shi yadda ranta yake so. Bayan shekara tara, a watan Afrilun 1999, ita da mijinta Ron Allison da ɗansu ɗan shekara uku suka fice daga gidan, ba su ɗauki komai ba sai abin da ke jikinsu. Kujeru, gadaje, hotunan iyali, kayan wasan yaron, duk suka bar su inda suke. Daga baya duk wanda zai shiga gidan sai ya sa rigar kariya, ya rufe hanci da baki.

Abin da ya kore su fumfuna ce. Ita dai wannan fumfunar da muke gani a kan ragowar tuwo idan ya kwana uku a rufe, ko a jikin takalmin fata da aka manta a lungu da damina. Bambancin kawai shi ne wannan ta samu gida guda ta ci.

Na zaɓi wannan lamari ne domin ban san wani da ya fi shi nuna yadda darajar gida take zubewa ba. Mutane suna ɗauka cewa fumfuna tana rage kuɗin gida daidai gwargwadon abin da za a kashe a gyara shi. Abin ya wuce nan. Shari'ar da matar ta yi da kamfanin inshorarta a kan gidan nan ta taɓa farashin gidajen da ba su da ko ɗigon fumfuna, a garuruwan da masu su ba su taɓa jin sunan Dripping Springs ba.

Yadda abin ya faro

A farkon 1998 bututun ruwa ya yi yoyo a wani banɗaki na ƙasa. Aka kira mai gyaran famfo, ya gyara, kowa ya manta. Sai dai ruwan da ya riga ya zuba ya shige ƙarƙashin daɓe, inda ido ba ya gani kuma iska ba ta kaiwa. Bayan wasu watanni katakon daɓen ya fara kumbura yana lanƙwashewa. A watan Disamban 1998 Ballard ta kai kukanta wurin kamfanin inshorarta, Fire Insurance Exchange, wanda reshe ne na rukunin Farmers.

A nan jan ƙafa ya shigo. Kamfanin ya turo jami'ar da ke kimanta ɓarna, aka turo masu gwajin bututu, aka turo injiniya, ana ta neman tushen ruwan da kuma nawa za a biya. Ma'aikacin da Ballard ta ɗauko ya yi gargaɗi cewa a ɗaga daɓen nan da wuri, domin jiƙaƙƙen katako idan ya daɗe fumfuna zai yi. Ita kuma daga baya ta tsaya a gaban kotu kan cewa kamfanin ya hana ta taɓa daɓen har sai ya gama bincikensa, tana tsoron idan ta fasa za a ce ta ɓata shaida a hana ta kuɗi. A watan Fabrairun 1999 kamfanin ya ba da cakin kusan dala 108,000 na gyaran daɓe. Ta ce kuɗin ba zai isa ba. Ana cikin wannan ja-in-ja, ruwa yana can ƙasa yana aikinsa.

Dole a fahimci yadda ake gina gida a Amurka kafin a gane dalilin da ya sa abin ya yi muni haka. Yawancin gidajensu ba na bulo da siminti ba ne. Ƙashin gidan katako ne, bangon ciki kuma allo ne na farar ƙasa da aka manne wa takarda gaba da baya, tsakanin bango da bango akwai rami. Tun bayan tsadar mai ta shekarun 1970 aka riƙa toshe gidaje ruf don kada sanyin na'ura ko ɗumin hunturu ya tsere. Katako da takarda kuwa su ne abincin fumfuna. Ƙwayoyinta suna yawo a iska ko'ina, a kowane gida, ba wanda ya isa ya raba ɗakinsa da su. Abin da suke jira kawai danshi ne. Shi ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka take cewa duk abin da ya jiƙe a cikin gida a busar da shi cikin sa'a 24 zuwa 48. Daɓen Ballard ya fi shekara a jiƙe.

Iyalin suka fara ciwo. Yaron yana tari, numfashinsa yana sarƙewa. Mijin, wanda aikinsa harkar zuba jari ne, ya fara mantuwa har abin ya taɓa aikinsa. Ranar da asiri ya tonu kuwa, a cikin jirgin sama ne. Ballard tana zaune tana tari, tana goge jini da tishu, sai wani fasinja da ke kusa da ita, Bill Holder, wanda sana'arsa binciken iskar cikin gine-gine, ya tambaye ta ko akwai yoyon ruwa a gidanta. Daga baya ya je gidan aka ɗebi samfur, gwaji ya nuna Stachybotrys, wata baƙar fumfuna mai santsi wadda ba ta kama wuri sai katako ko takarda sun daɗe suna shan ruwa. Ganinta a gida shaida ce cewa yoyon ba na jiya ba ne. Iyalin suka tashi a cikin watan Afrilun 1999, a watan Mayu kuma Ballard ta shigar da ƙara.

Abin da kotu ta ce, da abin da jama'a suka ji

An yi shari'ar a Ostin, a gaban alƙali John Dietz, da mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shaidu su yanke hukunci. A farkon Yunin 2001 suka fito da lissafinsu: kusan dala miliyan 2.5 don sake gina gidan, sama da miliyan 1.1 don kawar da fumfunar, miliyan 2 na kayan cikin gida, dala 350,000 na zaman haya, miliyan 5 na ƙuncin rai, miliyan 12 na ladabtar da kamfanin, da kusan miliyan 8.9 na lauyoyi. Jimilla, idan aka haɗa da wani ɗan ƙaramin kaso da ban lissafa ba, ta haura dala miliyan 32. A kan gidan da aka saya dala 275,000.

Akwai abu guda da yawancin masu ba da labarin nan suke tsallakewa, kuma a ganina shi ne zuciyar lamarin. Kafin a fara sauraron shaidu, alƙalin ya hana likitocin da za su ce fumfunar ce ta lalata ƙwaƙwalwar Allison yin magana, saboda hujjarsu ta kimiyya ba ta kai matsayin da dokar Teksas take nema ba. Wato ko sisi daga cikin miliyan 32 ɗin nan ba diyyar rashin lafiya ba ce. Hukunci ne a kan yadda kamfanin ya riƙe buƙatar mai gida. Amma abin da ya isa kunnen jama'a ta talabijin da jaridu shi ne: baƙar fumfuna mai guba ta cinye gida, ta haukata mutum, kotu ta ba da miliyan 32. Ballard ta taɓa yin aikin hulɗa da jama'a a Niyok, ta san yadda ake magana da 'yan jarida, hoton katafaren gida da mutane cikin fararen rigunan kariya kuwa ba ya buƙatar dogon bayani.

A watan Disamban 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta Ostin ta zaftare hukuncin. Ta yarda cewa kamfanin bai riƙe amanar mai gida yadda ya kamata ba, amma ba ta ga hujjar cewa da gangan ya yi ba. Ta soke kuɗin ladabtarwa da na ƙuncin rai, ta mayar da batun kuɗin lauyoyi ƙaramar kotu, ta bar dala miliyan 4 da ɗoriya bayan an cire sama da miliyan 2 da kamfanin ya riga ya biya. Daga baya ɓangarorin suka sasanta a asirce. Labarin ragin bai yi rabin tafiyar labarin farko ba.

Ba na cikin masu cewa duk maganar cutar fumfuna tatsuniya ce. A 2004 cibiyar nazarin lafiya ta ƙasar Amurka ta tattara binciken da ake da shi, ta ce akwai isasshiyar hujja cewa zama a gida mai danshi da fumfuna yana da alaƙa da tari, da toshewar hanci, da shaƙewar numfashi, da tashin asma ga mai ita. Abin da ba ta samu isasshiyar hujja a kai ba shi ne irin su mantuwa da lalacewar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata jagoran a 2009 a kan danshi da fumfuna cikin gidaje. A Ingila kuma, a garin Rochdale, wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Disamban 2020, kuma binciken hukuma ya tabbatar a 2022 cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar fumfuna a gidan hayarsu ce ta yi sanadi. Iyayensa sun yi ta kai kuka ba a saurare su ba. Duk lokacin da na tuna da yaron nan sai in ji ba zan iya raina baƙin tabo a bango ba.

Inda abin ya faɗa wa masu gidaje

Kwanaki kaɗan bayan hukuncin farko, a cikin Yunin 2001 ɗin dai, ruwan guguwa ya sauka a Hiyustan ya shiga dubun dubatar gidaje. Ga ruwa a ɗaki, ga labarin miliyan 32 a kunne. Alƙaluman hukumar inshora ta Teksas sun nuna cewa buƙatun biyan diyyar fumfuna a manyan kamfanoni sun tashi daga 1,050 a wata ukun farko na 2000 zuwa 14,706 a wata ukun ƙarshe na 2001. Da yawa gaskiya ne, mutane sun duba ƙarƙashin kwamin wanke-wanke sun ga abin da ya daɗe a wurin. Wasu kuma ganin banza ne ya sa su. A 2002 an kama wani gungu a yankin Hiyustan da ke sayen gidaje, su sakar musu ruwa da gangan, su rufe tagogi su kunna na'urar ɗumama ɗaki har fumfuna ta tsiro, sannan su je karɓar kuɗi. Sana'ar gwajin fumfuna da kankare ta kuwa kowa ya faɗa cikinta, domin a lokacin ba lasisin da ake nema.

Teksas ta fi sauran jihohi shan wannan duka saboda irin yarjejeniyar inshorar da yawancin masu gidajenta suke riƙe da ita a lokacin, wadda ake kira HO-B. Ita tana biyan ɓarnar ruwa har da yoyon da ya daɗe yana tsiyaya a hankali. Manyan kamfanonin uku, State Farm da Farmers da Allstate, suka daina sayar da ita ga sababbin mutane. Kuɗin da ake biya duk shekara ya yi tashin gwauron zabi. A ƙarshen 2001 kwamishinan inshora na jihar, José Montemayor, ya sauya tsarin, fumfuna ta zama abin da ake sayen kariyarsa daban da ƙarin kuɗi. A Satumban 2002 Farmers ya ce zai daina sabunta inshorar gidaje kusan 700,000 a jihar, kafin daga baya ya sasanta da gwamnati. Maganar inshorar gida ta shiga yaƙin neman zaɓen gwamna na wannan shekara tsakanin Rick Perry da Tony Sanchez.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya haɗa rikicin kamfanonin inshora da farashin gida? A Amurka komai. Mutum ba ya tara kuɗi ya sayi gida lakadan sai ƙalilan. Bashin banki ake ci a biya cikin shekara 15 ko 30, gidan kuma shi ne jingina. Banki ba zai saki kuɗinsa ba sai an nuna masa inshora a kan gidan. Su kuma kamfanonin inshora suna da wani kundi na bai-ɗaya da ake kira CLUE, inda ake rubuta duk wata buƙatar biyan diyya da aka taɓa shigarwa, kuma rubutun yana bin adireshin gidan ne na tsawon shekaru, ko da mai shi ya sauya. Sai ga shi mutumin da injin wankinsa ya taɓa fashewa shekara biyu baya, aka gyara tsaf, ya sa gidansa a kasuwa, ya samu mai saye, an daidaita farashi, ana gab da sa hannu, kamfanin inshora ya duba kundi ya ce ba ya ciki. Ba inshora, ba bashi. Ba bashi, ciniki ya watse. Gidan lafiyarsa ƙalau, amma sunansa ya ɓaci.

Daga nan mai gida zaɓi biyu ya rage masa: ya jira mai kuɗi a hannu, ko ya rage farashi har ya cike wa mai saye tsadar inshorar da zai biya. Masu kuɗi a hannu kuwa yawancinsu 'yan kasuwa ne masu saye su gyara su sayar, kuma sun san an matsu, tayin wulaƙanci suke yi. Wannan ita ce asarar da ba ta fitowa a takardar ma'aikaci. Kuɗin gyara ana iya lissafa shi: a fasa nan, a sauya can, kaza ne. Amma idan cikin masu son gidanka goma, bakwai sun janye saboda banki ko saboda tsoro, ukun da suka rage su ne za su yanka maka farashi.

Shi ma mai saye da bai janye ba, ba kuɗin gyara kaɗai yake cirewa ba. Yana cire kuɗin abin da bai gani ba. Tabon da ke saman fenti ɗan ƙarami ne, amma me ke bayan bangon? Yana kuma tunanin ranar da shi ma zai sayar, lokacin da doka za ta tilasta masa ya faɗa wa na gaba cewa ruwa ya taɓa shiga gidan. Saboda haka ragin da yake nema kullum ya fi gyaran girma.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan zango shi ne darasin da talakawan masu gidaje suka ɗauka. Tunda kai rahoton yoyo yana ɓata sunan gida, sai mutane suka koma yin shiru. A toshe bututu, a shafa fenti, kada kamfani ya ji. Tsarin da ya kamata ya sa a gaggauta busar da gida ya koma yana saka wa mai ɓoyewa. Fenti kuwa ba ya kashe fumfuna, lulluɓe ta yake yi, bayan wata shida ta ɓullo wa wanda ya saya.

Majalisar Teksas ta zauna a 2003 ta yi abin da a ganina shi ne mafi hankali a duk labarin. Ta ce mai gwada fumfuna da mai kawar da ita sai da lasisi, kuma kamfani ɗaya ba zai yi aikin biyu a gida guda ba, don kada wanda zai ci kuɗin gyara ya zama shi ne mai faɗin girman ɓarna. Dokokin suna aiki ne idan wurin da ya kamu ya kai murabba'in ƙafa 25 a haɗe. Idan an gama aiki ana ba mai gida takardar shaida cewa an kawar da fumfunar, mai gwaji kuma yana iya sa hannu cewa an magance tushen danshin. Idan ya sayar da gidan cikin shekara biyar, wajibi ne ya miƙa wa mai saye kwafin takardar. Kamfanin inshora kuma ba shi da ikon ƙin gida saboda tsohuwar fumfunar da aka gyara aka ba da shaida. Da wannan aka juya lissafin: wanda ya fito fili ya gyara yana da abin nunawa, wanda ya shafa fenti ba shi da komai sai bakinsa. A 2006 kotun ƙolin jihar, a shari'ar Fiess da State Farm Lloyds, ta yanke cewa tsohuwar yarjejeniyar HO-B ba ta biyan ɓarnar fumfuna a jikin gida. Nauyin ya koma kan mai gida kacokan, shi ya sa mai saye a can ba ya wasa da 'yan kwanakin da yarjejeniyar ciniki take ba shi, bayan ya biya wani ɗan kuɗi, don ya kawo mai bincike ya duba gidan, ya kuma janye idan bai gamsu ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu sun karantar da mu zaɓin sharaɗi da zaɓin aibi a babin ciniki, wato damar fasa ciniki cikin wa'adin da aka gindaya, da damar mayar da kaya idan aka gano aibinsu. Hadisin da aka fi kafa hujja da shi a kan ha'inci ma a kan danshi ya zo: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya tura hannunsa ciki ya ji lema, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani. Teksas sai da ta sha wuyar shekara biyu kafin ta rubuta makamancin wannan a dokarta.

Gidan da muka je gani a Kano

Gidajenmu na bulo ne, ba mu da kundin CLUE, kuma ba kasafai banki yake shiga cinikinmu ba. Amma danshi bai san wannan ba. Idan aka cike kududdufi da bola aka yi gini a kai, ko aka tsallake ledar nan da ake shimfiɗawa a kan fandisho don hana ruwa hawa, bango yana tsotsar ruwa daga ƙasa kamar lagwani. Fumfuna ba ta cin siminti, amma tana cin fenti da ƙura da silin da bayan durowa da katifa.

Wani watan Maris na raka yayata ganin wani gida da take son saye a wata sabuwar unguwa a Kano. Rani ne tsantsa, ƙasa ta bushe ƙamas. Dillalin yana buɗe ƙofa ya ce, "Hajiya, ki ga gida sabo fil, fentin nan ko wata biyu bai yi ba." Fentin ne ma ya tsaya mini a rai. Daga ƙasa zuwa ƙugu an shafa mai ruwan ƙasa mai ƙyalli, sama kuma fari. A ɗakin da ke ƙarshen gida na ji wani wari kamar na tsohon buhu da ya sha ruwa. Na tsuguna a kusurwa na danna bangon da babban yatsa, fentin ya yi ƙwai, ya fashe, wani farin gari kamar gishiri ya zubo. Durowar da aka gina a jikin bango, allon bayanta ya kumbura, ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun yi masa zane.

Na ce, "Yaya, zo ki taɓa nan."

Dillalin ya ce ai aikin mai fenti ne bai kankare da kyau ba. Da muka fito sai muka gaida wani dattijo da ke zaune a inuwar gidan da ke kallon wannan. Yayata ta ce, "Baba, yaya unguwar nan take da damina?" Ya yi shiru kaɗan, ya dubi dillalin, sannan ya ce, "'Yata, idan ba sauri kike ba, ki dawo a Agusta ki gani da idonki."

Mun koma a Agusta. Ruwa ya kwanta a bayan gidan, gansakuka ta hau katanga, layin danshi ya wuce inda aka tsayar da fenti mai ƙyallin. A wannan karon mai gidan da kansa ya zo, kuma na yaba masa, bai yi musu ba. Ya ce ya sani, ya rage kuɗin da yawa, fiye da abin da maginin da muka tafi da shi ya ce gyaran zai ci. Ni na so ta saya. Ita ta ce autanta yana da asma, ko kyauta aka ba ta ba za ta kwantar da shi a ɗakin nan ba, kuma ba ta da tabbacin cewa ƙasar da take tsatso ruwa bana za ta daina baɗi. Gidan ya ƙara wata bakwai a kasuwa. Wanda ya saya daga baya ya fasa filastar ɗakunan har zuwa ƙirji, ya haƙa magudanar ruwa a baya, ya bar bulon tsirara rani guda yana shan iska kafin ya sake shafe.